Wuta a Mahaɗa

Yau a ɗakin gwaji layin da ke kan allon na'ura ya ɗaga, na kasa zama. Na fita, na dawo, na ɗauki waya zan kira Garoua, sannan na tuna Goggo ta rasu.

Ɗinki ne sana'arta. Kowace riga ka sa, sai ta bi ɗinkin da farcen babban yatsa tana cewa, "Kaya daga mahaɗa yake mutuwa."

A zuwana na ƙarshe muna ƙarƙashin dalbejiya, ga zafi, ga warin man keke, ta tambaye ni aikina. Na ce ina shimfiɗa wani ma'adini dangin tsatsa a kan wani, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Kowannensu ba ya ɗaukar lantarki, amma inda suka haɗu wuta gudu take yi.

Ta tsayar da keke. "A mahaɗar? Kai ɗan nan, kada ka raina mini hankali. Kawo in taɓa."

To, yau wutar ta gudu, Goggo, wa zan kai wa? Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda ɗinki ba ya warwarewa.