Ta'aziyyar wasa muka je yi wa Auwalu

Auwalu Manaja ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau na sani, kuma ba wanda ya kira ni ya faɗa min. Da ƙafata na taka na je na tarar da labarin a ƙofar gidansu, ina riƙe da ledar ƙosai, ina danne dariya.

Tun da na dawo gida nake rubutawa ina gogewa. Kunya ce ke hana ni. Amma gara ku ji daga bakina.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Auwalu bakanike ne, yana gyaran babur a bakin titi kafin ka hau gadar Wudil. Mun sa masa Manaja ne saboda in ana kallon ƙwallo, daga kan bencin gidan kallo yake canza 'yan wasa. "A cire lamba takwas, ya gaji." In an jima koci ya cire lamba takwas ɗin, sai ya juyo ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya buga masa waya.

Ni da shi ba mu taɓa haɗa ƙungiya ba. Shi ja, ni shuɗi. Duk kulob ɗin da zai buga da nasu, a ranar ni ɗan can ne, ko sunan garinsu ban iya faɗa ba.

Duk da haka shi ke riƙe min wuri a bencin gaba, don ya san ɗinki ya ci min ido, ba na hango allo daga baya. Zai ajiye hularsa a wurin, duk wanda ya zo zama ya ce masa, "Na maƙiyina ne."

Akwai ranar da babur ya mace min a hanyar Darki da tsakar rana, ina ɗauke da ɗinkin mutane na biki. Na kira shi. Ya rufe shago ya zo da filogi a aljihu, ya tsugunna cikin rana yana gyara yana cewa, "Sagiru, babur ɗin nan sak 'yan bayanku, ta ko'ina yoyo yake." Sai da ya bi ni a baya har cikin gari, wai bai yarda da shi ba.

Shi ya kawo mana wani wasa da muke kira ta'aziyya. Duk ranar da aka fitar da ƙungiyar mutum daga gasa, washegari da safe Auwalu zai sayi ƙosai ya zo shagonka, ya tsugunna, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi. Ai sun sha jinya." Kai kuma dole ka amsa da "Da godiya," ka ci ƙosan. Dokarsa ɗaya ce: ba a yi wa mutum a ranar da abin ya faru. Yakan ce a bar shi ya kwana da zafinsa, gaisuwa sai da safe.

Ni na fi kowa cin ƙosan nan, don ƙungiyata ba ta da zuciya.

Mahaifiyata ta taɓa jin mu muna yi. Ta ce mu nemi wani wasan, baki shi kan yanka wuya. Muka yi dariya.

Jiya aka buga fainal ɗin kofin zakarun Turai, kuma bana su Auwalu ne suka kai. Ya daɗe yana jiran ranar. Har yadi ja ya kawo min na ɗinka masa riga, ya tsaya a kaina sai da na gama. Suka fara ci, aka rama, aka je fanareti, ɗan wasansu ya ɗaga ƙwallo sama, kofi ya kuɓuce musu. Gidan kallo ya kaure da ihu. Shi kuwa ya ɗauki hularsa ya fita.

Na same shi a waje yana tayar da babur. Ban tsokane shi ba, doka ce. Shi ne ya kalle ni ya yi murmushi.

"Na san kuna tafe. Ku zo da wuri, ina da aiki a Lajawa. Kuma ƙosan ya zama mai zafi, ni ban taɓa kawo maka mai sanyi ba."

Na ce, "Har gida za mu zo, Manaja."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da sassafe na biya wa Nura, abokinmu mai shagon cajin waya. Ya aro rigar ƙungiyar da ta ci kofin ya sa, muka tsaya aka soya mana ƙosai a gabanmu. Muna tafe muna gwada yadda za mu ɗaure fuska, Nura yana ta cewa kar na ba shi kunya na fashe da dariya.

Muna shiga layinsu muka hango tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune.

Abin da ya fi ci min rai ke nan, jama'a. Ban tsorata ba. Cewa na yi Auwalu ya riga mu, ya tara maƙwabta don ya karɓe mu da kyau, don irin aikinsa ne. Har na taɓa Nura na ce, "Ka ga ɗan banzan nan ko?"

Na ƙarasa na tsugunna gaban mahaifinsa, Baba Isiyaku, na sunkuyar da kai kamar yadda Auwalu ke yi, na ce, "Baba, ya haƙuri? Ashe haka Allah ya yi."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Da godiya, Sagiru."

Ina tsugunne ina leƙen zaure, ina jiran Auwalu ya fito yana dariya. Sai na ji kukan mata daga cikin gida. Sai na ga makara jingine da bango.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Wani maƙwabcinsu ya dubi rigar Nura, ya dubi ledar hannuna, ya ce, "Ku kuwa wa ya faɗa muku? Ko 'yan uwa ba a gama kira ba."

Baba Isiyaku ne ya amsa. Ya ce, "Abokansa ne, matsa musu su zauna." Ya karɓi ƙosan ya ce a shiga da shi ciki sadaka.

Ashe ya yi sallar asuba a masallaci, ya dawo ya ce kansa na juyawa, ya kwanta. Kafin a samo mota ya cika. Ya daɗe yana fama da hawan jini. Masu cewa ƙwallo ce ta kashe shi, don Allah ku yi shiru, ba ku da labarin komai. Kwanansa ne ya ƙare.

Aka yi masa sallah, muka kai shi. Nura ya juya rigarsa baibai, ya kasa haɗa ido da kowa. Muka dawo aka ci gaba da zama, duk wanda ya zo gaisuwa sai wani ya nuna mu ya ce, "Waɗannan su suka fara zuwa, abokan arziki." Kowace "Allah ya saka" da aka yi min, ji nake kamar an mare ni.

Bayan azahar mutane suka ragu. Na kasa tafiya da yabon da ba nawa ba. Na matsa kusa da Baba, na ce, "Baba, ina da magana. Mu ba mu san ya rasu ba. Tsokana muka zo yi masa."

Yana jan carbi ya ce, "Na sani."

Na ɗago na kalle shi.

"Jiya da ya shigo ya same ni a zaure. Ya ce, Baba, gobe da safe su Sagiru za su zo min ta'aziyya, in ka ji kar ka tsorata. Shi da kansa ya fito da tabarmin nan ya jingine, ya ce baƙinsa ba za su zauna a ƙasa ba. Da abin ya faru, su muka shimfiɗa."

A nan na kasa riƙe kaina. Mutumin da ya binne ɗansa yau, shi ke dafa kafaɗata yana ce min na yi haƙuri. Tun da ya hango mu ya san abin da ya kawo mu, ya rufa mana asiri gaban mutane, kuma da ban yi magana ba, ba zai taɓa tayar da zancen ba.

Ya Allah ka jiƙan Auwalu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Baba Isiyaku kuma, Allah ka rufa masa asiri duniya da lahira kamar yadda ya rufa mana.

Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya yi wa Auwalu addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ya karanta masa. Kar wanda ya kawo min zancen wasan jiya a ƙasan rubutun nan. In kuma kana Wudil, ana zaman gaisuwa a gidansu, ka daure ka je ka gaida tsohon nan.