Tela da Bonet

A layin gareji na Sabon Garin Wudil kowa ya san Maikano da Tasi'u ba sa ga maciji da juna. Shekara ashirin da ɗoriya rumfunansu na jingine da juna, amma ko a jana'iza suka haɗu sai ɗaya ya canja sahu.

Maikano mutumin Utai ne, ɗan manomi, wanda ya tsani fartanya tun yana ƙarami. Ya zo Wudil ya koyi kanikanci gareji ɗaya da Tasi'u, kuma ya fi shi hannu nesa ba kusa ba. Wata rana injin wata bas ya ƙone a hannunsa. Wanda ya manta bai zuba baƙin mai ba, Allah kaɗai ya sani, amma Tasi'u ne ya bi layi rumfa-rumfa yana ba da labari. Maikano ya ajiye sifana, ya sayi keken ɗinki, ya koma ɗinkin kujerun mota. Tun daga ranar Tasi'u bai ƙara kiran sunansa ba, sai dai "tela".

Layin yana da dokarsa, kuma dokar ba ta da wasa. Mai fenti ba ya taɓa waya, mai waya ba ya taɓa giyar mota, mai kujera ba ya ɗaga bonet. Wanda ya shiga gonar wani, ƙungiyar masu gareji ta karɓe rumfarsa. Rumfar nan ita ce duk abin da Maikano ya mallaka a duniya, da ita yake ci da iyalinsa.

Ana cikin zafin watan Afrilu Dakta Zaharaddeen, malami a jami'a, ya shigo layin da wata tsohuwar mota ja mai kujera biyu da dogon hanci, kusan cikinta na shafar ƙasa. Ta mahaifinsa ce, ya saye ta hannun wani Bature tun kafin a haifi Daktan.

"Malam Tasi'u, motar nan zafi take yi," in ji shi.

A bakin bakanike, mota ta yi zafi na nufin abu ɗaya: inji na tafasa. Tasi'u bai tambayi komai ba. Ya wanke lagireto, tankin da ke sanyaya ruwan inji, ya cire ɗan ƙarfen da ke tsare ruwan inji ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Dakta ya tafi, ya dawo bayan kwana uku. Tasi'u ya canja lagireton ɗungurungum. Dakta ya sake dawowa, wannan karon yana cewa matarsa Juwairiyya ta rantse ba za ta ƙara shiga tukunyar nan ba.

Maikano yana daga rumfarsa yana kallo, haushi na cinsa. Ya lura duk sanda Dakta ya fito daga motar, abu na farko da yake yi shi ne ya tuɓe takalmi ya riƙa fifita ƙafa da hula. Injin lafiyarsa lau. Mutum ne yake dahuwa a ciki, kuma jakin da ke kiran kansa injiniya bai taɓa zama a kujerar ya ji ba.

Sai Allah ya sa Dakta ya ce a sabunta masa kujerun, ko uwargida ta huce. Motar ta matso rumfar Maikano.

"Ranka ya daɗe, ina zafin yake taɓa ka?"

"Ƙafafuwa, da nan gefen giya. Kamar na taka garwashi."

"Ka faɗa wa wancan haka?"

"Bai tambaye ni ba."

Maikano ya ɗaga kafet. Bangon da ya raba inji da mazauni duk ramuka ne, robobin da suka toshe su sun ruɓe tun zamanin soja. Salansa mai fitar da hayaƙi kuma ta bi ta ƙarƙashin kujerar direba, ba abin da ke tsakani sai ƙarfe mai kaurin murfin gwangwani. Wannan duk gonarsa ce. Ya yanko roba ya toshe kowane rami, ya shimfiɗa bargo mai kauri, ya lulluɓe shi da alminiyon, ya mai da kafet. Ya tada motar ya zauna a ciki ya jira. Zafin ya ragu, amma daga ƙarƙashin sitiyari wata iska tana ci gaba da hurowa kamar daga bakin maƙera.

Nan ya gane. An ƙera motar ne don ƙasar sanyi, an yi mata hita mai jan ruwan zafi daga inji don ɗumama ƙafar Bature. Ɗan famfon da ke rufe ruwan ya yi tsatsa a buɗe. Shekara da shekaru tana ɗumama mutane a Wudil. Famfon kuma yana ƙarƙashin bonet.

Abin da ya kamata shi ne ya leƙa rumfar maƙwabcinsa ya faɗa masa. Ya je ɗin, karo na farko cikin shekara ashirin, yana jin kamar ana zare masa haƙori.

"Famfon hita ne. Ka toshe tiyon."

Tasi'u bai ko ɗago kai ba. "Tela, koma ka sa zare a allura."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Maikano ya koma, da rana tsaka, a gaban idon kowa, ya ɗaga bonet ɗin. Ya cire tiyo biyu, ya haɗa bakinsu, ya ɗaure. Aikin bai kai minti goma ba. Ya zauna a motar, iskar ta mutu.

Kafin la'asar Alhaji Yahuza, shugaban ƙungiya, ya tara mutane. Ya so a yi sulhu, don shi ma ya san gaskiya.

"Maikano, abu ne mai sauƙi. Ka ba Tasi'u haƙuri, ka ce aikinsa ne ya gyara motar, kai ƙarasawa kawai ka yi. A bar kaza cikin gashinta, ka riƙe rumfarka."

Maikano ya dubi Tasi'u, wanda ke tsaye yana goge hannu da tsumma yana murmushi. Ya tuna bakunan da ke jiransa a gida, kuma tsoro ya kama shi sosai. Amma bai ba da haƙurin ba.

"Alhaji, ni na gyara ta. Shi sau biyu yana ɓata ta."

Washegari ya ɗora keken ɗinkinsa a amalanke ya bar layin. Ba wanda ya taya shi ɗauka. Yanzu yana ƙofar gidansa, can ciki inda mota ba ta shiga, yana ɗinka sirdin babur.

Bayan mako uku Dakta ya dawo layin, Juwairiyya na zaune a gefensa, da wani abokinsa na biye da su cikin tasa tsohuwar motar mai irin wannan ciwo. Ya tsaya gaban rumfar Maikano ya tarar da ita a rufe.

"Malam Tasi'u, ina Malam Maikano? Na kawo masa aiki, kuma ban yi masa godiya yadda ya kamata ba."

Tasi'u ya taso yana zagaya motar baƙon, har ya ɗora hannu a kan bonet.

"Babu mai wannan suna a layin nan, ranka ya daɗe. Me ke damunta?"

"Zafi take yi," in ji baƙon.