Bishiyar Tela Mai 'Ya'yan Ƙugiya

Ana ta yaɗawa a layinmu wai taubashina Tela ya dasa wata bishiya a ƙarƙashin ruwa, yana ba ta dusa kowace safiya, ita kuwa maimakon 'ya'ya sai ta riƙa haifar masa ƙugiyoyin kamun kifi. Mai aski ya rantse da idonsa ya ga furenta. Wata mata har shago ta zo roƙon iri, wai mijinta ma yana son sana'ar.

Ƙarya ce, jama'a! Ni da muka tashi gida ɗaya da shi na san ko barkono Tela ya shuka sai ya mutu. Bishiya dai akwai ta, kuma an sami ƙugiyoyi a jikinta, arba'in da bakwai cif, amma ba haifarsu ta yi ba. Mai Kemis na layinmu ne ya rataya mata su ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa, yana gumi, Tela na gefe yana yi masa sannu.

Tela ɗan gwaggona ne, ya girme ni da shekara huɗu. Siriri ne kamar allura, tabarau a ƙarshen hanci, tef a wuya ko da biki za shi. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ka ɓata masa rai sai ya ce "ba komai", ya ninke maganar kamar yadi ya ajiye a ƙasan kabad. Shekara goma sai ya ɗauko ta fes, ko guga ba ta buƙata. Har yau bai yafe mini wani ƙwallo da na fasa masa muna yara ba.

Shekara talatin yana taka keken ɗinki, masu kaya suna tsaye a kansa, har jininsa ya hau. Ranar da likita ya auna shi, sai da na'urar ta yi tari. Likita ya ce ya nemi abin da zai riƙa kwantar masa da hankali. Nan ne Tela ya faɗa fatsa, Asabar da Lahadi, a bakin madatsar ruwan da ke bayan gari.

Kayan fatsarsa abin kallo ne. Sandar ta gwanjo ce, ya ɗaure inda ta tsage da zaren ɗinki ya bi da gam. Keken naɗe zaren kuwa man keken ɗinki yake sha, shi ya sa ba ya ko ƙara. Ƙugiyoyi suna soke a jikin tsumma, ƙanana a gaba manya a baya, cikin gwangwanin maɓallai. Dalmar da ke nutsar da zare daga wajen mai faci yake tsintowa. Ɗan abin nan da ke yawo a kan ruwa don a gane kifi ya taɓa koto, daga silifas ɗin matarsa ya yanko; shi ya ce tsoho ne, ita ta ce sau biyu ta sa. Tanar koto kuwa a robar bota yake ajiyewa cikin firiji. Ranar da uwar yara ta buɗe robar za ta shafa wa burodi, ihun da ta yi sai da ya tashi tattabarun layi uku.

Yana da dokoki kamar alƙali. Kada inuwarka ta faɗa ruwa. Kada ka taɓa koto da hannun da ya taɓa sabulu ko turare, sai ka murje shi da laka. Ka jiƙa zare da miyau kafin ka ja ƙulli, in ba haka ba zafi ya cinye shi. Ka gwada bakin ƙugiya a farcenka, in ta zame a wasa ta. 'Yan fatsar gaɓa, tsofaffin ma'aikata ne da direbobi kamar su goma, duk wurinsa suke ɗaukar karatu. Malamin Gaɓa suke ce masa, kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

Shagon Mai Kemis yana kallon nasa, titi ne kawai tsakani. Ƙato ne mai tumbi da mota, 'yan layi suna ce masa Dokta ko da yake allura ma tsoronta yake. Wata rana ya tsallako ya ce, "Malam Tela, ka koya mini abin nan, ni ma jinina ba ya zama wuri ɗaya."

Tela ya koya masa da zuciya ɗaya. Ya riƙe masa yatsu ya nuna masa ƙulli. Sati biyu sai ga Dokta da sanda mai shigewa cikin kanta kamar eriyar rediyo, da kujera mai naɗewa, da akwati mai hawa uku cike da kifayen roba masu ido da sheƙi, kowanne da ƙugiyoyi a ciki da wutsiya. Tela ya kalli akwatin, ya kalli gwangwaninsa, ya ce, "Allah ya sa albarka."

A lokacin Tela yana da wani sirri. Wata safiya ya ga wata giwar ruwa ta juya kusa da wani baƙin dutse, bayanta kamar ƙofa. Bai jefa ƙugiya ba. Sai ya fara zuwa kullum kafin ya buɗe shago, ya watsa dusa da ɓarɓashin burodi a wurin. Ƙananan kifaye su taru, babbar ta biyo su, ta saba da wurin, ta saki jiki. Kwana arba'in ya ɗiba wa kansa, na arba'in ɗin ya faɗa ranar Asabar. Har wuƙa ya sa uwar yara ta wasa.

Abin da bai lura ba, dusa tana maƙalewa a ƙafar wandonsa, Dokta kuma yana zaune bayan gilashi yana kallon ƙafar wandon. Ya bi shi a mota sau biyu daga nesa. Ranar Juma'a da safe, Tela na fama da kayan wani biki, Dokta ya tsaya a kan baƙin dutse ya jefa kifin robarsa sau uku. A na ukun ta haɗiye.

Su huɗu suka ɗauko ta. Aka yi hoto. Dokta ya sa aka faɗaɗa hoton har ya kai girman taga, ya rataye shi a gilashin kemis, daidai inda in Tela ya ɗaga kai daga keke shi zai gani. Da yamma kuma ya tsallako da baƙar leda ya ajiye a kan teburin yanka.

"Malam Tela, ga wutsiya. Ladan kiwo."

'Yan gaɓa suka ji, suka yi dariya har wani direba ya faɗo daga kan bokiti. Daga ranar babu sauran Malamin Gaɓa. Mai Kiwo suke ce masa. "Mai Kiwo, wa kake yi wa kiwo bana?"

Tela ya ce, "Ba komai."

Ya wanke ledar nan, ya shanya, ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihun keke. Uwar yara da ta ga haka ta ce, "Maigida, don Allah ka je ka zage shi a wuce wurin. Wannan shirun naka ne ba na so." Ranar ya karya allura shida, ya ɗinke wa wani bawan Allah aljihu ta sama.

Akwai abin da Tela ya sani wanda Dokta bai sani ba, don ya riga shi zuwa gaɓa da shekara tara. Wata shekara da ruwa ya janye sosai ya taɓa ganin wata ƙatuwar bishiya a kwance a lungun gabas, rassanta a miƙe sama, tsohuwar wayar shinge ta naɗe ta. Ya koma lungun da dalma zalla, ba ƙugiya, yana jefawa yana ja a hankali har ya ji ta tana karo da rassa. Ya auna daga gaɓa da tef ɗinsa, ya aza dutse alama.

Sai ya fara kiwo. Wannan karon buhun dusa a bayan babur, da rana tsaka, yana wucewa ta gaban kemis a hankali kamar mai rakiyar amarya. Wandonsa fari fat da dusa har gwiwa. Ya je aski, ya sunkuya ya raɗa wa mai aski, "Kada ka gaya wa kowa. Waccan da Dokta ya kama 'ya ce. Na ga uwar." Kafin gashinsa ya gama sauka ƙasa labari ya isa kemis.

Asabar Tela ya iso lungun gabas ya tarar da kujera mai naɗewa a kan dutsen alamarsa. Ƙananan kifaye suna ta fantsama a kan dusa, wuri ya yi kyau.

"Haba Dokta," ya ce da muryar mai shirin kuka, "nan ma?"

"Ruwa na kowa ne, Malam Tela."

Dokta ya jefa. Kifin roba ya nutse ya kama reshe. Shi kuwa reshen da ya jiƙa a ruwa, in ka ja shi sai ya lanƙwasa ya biyo ka, in ka sassauta ya fizge ya koma. Sanda ta tanƙware, Dokta ya miƙe yana ihu, "Ta ci! Wallahi ta ci! Ku zo ku ga ƙarfi!" Ya yi ta kokawa har rigarsa ta jiƙe, sannan zare ya ce tas.

Tela ya girgiza kai. "Ita ce. Sannu Dokta. Ai wannan zaren naka na yara ne. Kuma uwa ba ta kallon ƙaramin koto, sa babban nan mai jan ido."

Wata biyar ana haka. Dokta ya sayo zaren da zai iya jan mota. Hawan akwati na sama ya ƙare, na tsakiya ya bi shi. Sanda mai eriya ta karye gida biyu, ya sayo wata. Wata Lahadi ya ja da ƙarfin tsiya, zare ya tsinke, ya tafi da baya ya zauna cikin laka har ƙugu, sai da direbobi uku suka ciro shi, takalmi ɗaya ya zauna can. Yana ta ba mutane labari a kemis cewa ya ga idonta, kamar fitilar mota. Tela kuwa kullum yana gefe a kan bokiti, ba ya ko jefa ƙugiya, yana ƙirgawa a zuci. Likita ya auna shi a watan nan ya ce jininsa kamar na jariri.

Rani ya yi nisa, ruwa ya fara ja da baya. Tela yana zuwa kullum yana duba gaɓa. Ranar da ya hango kan reshe ya leƙo, ya ƙara kwana tara don abin ya nuna sosai. Sannan ya bi 'yan gaɓa ɗaya ɗaya ya ce su hallara lungun gabas ranar Asabar da hantsi, za a ga uwa. Ya tsallaka kemis da kansa ya ce, "Dokta, kai ne babban baƙo."

Suka zo. Rana na dukan rassa, kifayen roba suna reto suna walƙiya, ja da kore da ruwan zinari, zaruruwa sun yi mata gemu. Takalmin Dokta yana can gefe a busasshiyar laka, bakinsa a buɗe.

Tela ya gyara tabarau ya ce, "Dokta, ga uwar. Gaishe ta, kun daɗe kuna gaisawa ta waya."

Direban nan da ya taɓa faɗowa daga bokiti, wannan karon kwanciya ya yi a ƙasa yana shure-shure. Dokta ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe, kamar an ciro shi daga ruwa. Tela ya naɗe wando, ya ɗauki zarto ya shiga, ya yanko babban reshen da kayansa duka. Ya ɗaure shi a babur ya ratsa gari da shi, ya kafa shi a bokitin fenti cike da yashi a ƙofar shago, daidai inda in Dokta ya ɗaga kai daga kanta shi zai gani.

Kwana uku layi bai yi ciniki ba sai kallo. A na huɗu Dokta ya tsallako, ya tsaya yana murza mukullin mota.

"Malam Tela, a yi haƙuri. Kayan nan dai..."

Tela bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Da haɓa ya nuna gilashin kemis. Dokta ya koma, ya hau kujera da tumbinsa, ya sauke hoton a gaban kowa, ya dawo. Tela ya buɗe aljihun keke ya ɗauko baƙar ledar nan, ya warware ta a hankali. Ya zaɓi ƙugiya ɗaya, ƙarama, wadda ta fi kowacce tsatsa, ya jefa ciki ya ƙulle.

"Ga shi, Dokta. Ladan shuka."

Sauran arba'in da shida suna nan a reshe har gobe. Ba ya fatsa da su, ba ya sayarwa, goge su kawai yake yi ranar Juma'a. 'Yan gaɓa sun koma ce masa Malamin Gaɓa, har da ɗan rusunawa. Dokta kuma ya koma wasan kati.

Shekaranjiya na shiga shagon na zauna a kan tarin yadi na ce, "Ɗan gwaggo, tsakani da Allah, wata biyar, buhun dusa uku, ko ɗan kifi ɗaya ba ka kawo gida ba. Wannan fatsa ce ko noma?"

Ya ciji zare ya tofar, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wata biyar na yi na kama ƙato guda har da motarsa. Kai shekara arba'in kana tsugune a bakin tukunyar gidana, ko ƙayar kifi ba ka taɓa kamowa ba. Tashi daga kan yadin mutane. Kuma ƙwallona, ban manta ba."