Jakin Cindo a Hannun Hukuma

Cindo mai ruwa ɗan garin Hawata ne a ƙasar Sudan, amma a Gadarif ya yi gemu. Kakanninsa sun taso daga yamma za su Makka, suka tsaya hutawa a bakin kogin Rahad, har yau ana hutun. Bai gaji gona ba. Jaki ya saya da amalanke, yana bin gidaje da gangar ruwa, da ita yake ci da iyalinsa.

Wata safiya Haidar mai shagon hatsi ya ce jakin nan nasa ne, wanda aka kwance masa bara. Aka je kotu. Alƙali ya tambayi Haidar alamar jakinsa.

"Kunnuwansa dogaye ne, ya maulana."

Alƙali ya dube shi jim kaɗan, ya sallami Cindo tun bai buɗe baki ba. Matarsa Sabuwa ta rangaɗa guɗa, ta raba wa maƙwabta shayi.

An yi gaggawar shayin. Haidar ya ɗaukaka ƙara, wai an wanke ɓarawo ba a ji shaidu ba. Jaki kuwa abin shari'a ne, zai zauna a harabar 'yan sanda sai an gama. Ciyarwa tana kan mai cewa nasa ne, a nan Haidar ya nuna dattaku, ya bar wa Cindo ladan.

Kullum Cindo ya kai kara da dusa, sannan ya saɓi jarkoki a kafaɗa, ya kai wa gidajen da ƙarfinsa ya iya.

"Malam," in ji Sabuwa, "kai aka wanke, jaki aka tsare, amma shi ke ƙiba."

"Shari'a ce, Sabuwa."

"To, a zubo mana ita mu ci."

Sai da aka yanke riɗi aka girbe dawa, kotun sama ta ce a koma a ji shaidu. Na farko ya rantse jakin Haidar baƙi ne. Na biyu ya ce mace ce. Aka sake wanke Cindo, wannan karon a tsanake.

Ya ɗaura jaki, ya cika ganga, ya yi sallama a gidan Inna Lauratu, wadda ta fi kowa daɗewa tana sayen ruwansa.

"Mabruk, ɗana, barka, gaskiya ta fito," ta ce daga bakin ƙofa. "Sai dai randunana a cike suke. Wani Elfatih ke kawo wa layin nan yanzu, da babur mai ƙafa uku. Gwada unguwar gaba."

A unguwar gaba ma an yi masa mabruk.