Jinyata da Kazar Mai Ɗori

In kun ga dama ku ce ƙarya nake, amma na taɓa kwanciya jinya ɗaki ɗaya da kaza, ciwonmu ɗaya, mai maganinmu ɗaya, kuma ta riga ni tashi.

Lokacin ina lodin shanu a kasuwar Potiskum, zamanin da tireloli ke layi har ba ka hango na ƙarshe. Wani bijimi, wanda za a iya shanya wankin gida guda a kan ƙahonsa, ya ƙi hawa mota. Na murɗa masa wutsiya, shi kuma ya auna ƙwaurina ya sakar mini shuri. Ji kake ƙaras. Abokan aiki suka kai ni ɗakin da nake haya a Yerimaram, suka ɗauko wani tsoho mai ɗori daga Nangere, suka yi mini sannu, suka bi shanu Kudu. Ban ga laifinsu ba. Ɗan lodi ba ƙafa ai shi ma kaya ne.

Tsohon ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da tsinke kamar tawa. Ya ce haka suka gada: ranar da ta taka, ni ma na kusa.

Muka zauna, daga ni sai ita sai rediyon da batirinsa ya mutu. Matar mai gidan takan turo kwanon tuwo ta bakin ƙofa, ta ce ya jiki, ta wuce kafin in amsa. Ranar kasuwa ina jiyo tireloli daga nesa, ina gane kowane direba da hon ɗinsa, ba wanda ya ratso. Sai in kunna sigari in ba kazar labarin Legas. Ba ta taɓa ƙaryata ni ba, abin da ban samu wajen ɗan Adam ba.

Wata safiya ta miƙe, ta ɗingisa zuwa ƙofa, ta fice tsakar gida, ko waiwaye babu. Na ce to, nawa ya zo. Na dafa bango na taka, sai da na kira kakata da ta daɗe a ƙasa.

Mai kemis na bakin layi ya zo yi mini allurar zazzaɓi, ya ga gwangwani cike da toka. Ya ce taba na cin ƙashi, tana hana karaya haɗuwa. Na tambaye shi ko akwai abin da ke tare ɓarnar. Ya ce ana faɗin bitamin E kan ɗan kare ƙashi, irin wanda ke cikin manja da gyaɗa, akwai ma na ƙwaya, amma shi bai tabbatar ba, barin tabar dai shi ne magani. Rabin farko na ji da kyau. Da ya zo na biyun, wata tirela ta yi hon.

To in bar sigari in yi hira da wa? Kazar ma ta tafi. Na sa aka sayo ƙwayoyin, rawaya, masu sulɓi kamar idon kifi. In haɗiyi ƙwaya, in bi ta da karan sigari. Manja da cokali nake sha. Gyaɗa kuwa na ci har ɓerayen unguwa suka yi ƙaura.

Tsohon ya dawo a kekensa, ya kwance ɗaurin, ya latsa ƙwaurin. Ƙashin ya motsa kamar haƙorin mai famfara. Ya ce in aka ci gaba a haka, ni da sanda har kabari, lodi kuwa sai dai in yi kallo. Idonsa ya faɗa kan kwalin sigari. Na yi maza na jawo ƙwayoyin da kwalbar manja, na zayyana masa bayani har da ƙarin gishiri, na ce yanzu ƙashina sulke gare shi, hayaƙi ba ya ratsawa.

Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya fara naɗe tsummansa.

"Ɗana, ka cika ciki da mai, ka kunna wuta a baki. Ni ɗori na iya. In suya kake so, mahauta suna kasuwa."