Wayar da na binne a bayan katangarmu

Mahaifina ya yi shekara talatin yana buga talgiram a gidan waya na Wagadugu. Da ya yi ritaya, yatsunsa suka ƙi hutawa. Ya nemi takardar izini, ya sayi tsohuwar rediyo mai aikawa da karɓa, ya ɗaure eriya daga bishiyar dogon yaro zuwa rufin ɗakinsa a nan Zango. Mahaifiyata ta yi ta shanya kaya a kai har sai da ya yi rantsuwa.

Kowace Juma'a bayan la'asar yana da alƙawari da wani tsoho a Agadas, shi ma tsohon ma'aikacin gidan waya. Ba su taɓa ganin juna ba. Ba su da lambar salular juna, don a ganinsu salula ta waɗanda ba su iya aikin ba ce. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke wa tsohon magana, ya bar masa hannun hagu. Da wannan hannu yake danna makunnin talgiram, ɗis-ɗis, a hankali, Baba yana rubutawa yana dariya shi kaɗai. Tsohon ya taɓa gaya masa cewa a duk mako nan ne kaɗai yake hira da mutum.

Baba yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba a aikawa sai an saurara. Idan ba ka ji abin da ke kan layi ba, ba ka da ikon buga komai, don wataƙila wani ne ke neman taimako ka danne shi.

Ni aikin wutar lantarki nake yi. A bayan katangarmu wani ma'aikacin banki, haifaffen unguwar Paspanga da ya yi zama a ƙasar waje, ya gina gida mai furanni a gaba. Yana da kare, ƙato, da ke cin abin da ya fi nawa. Ya kira ni ya nuna mini kwali: doguwar waya, ƙaramin akwati da ake jonawa da wuta, da wani abin wuya. A binne wayar kewaye da gida, in karen ya matso kusa da ita abin wuyan ya ɗan ja shi da wutar lantarki, ya koma.

"Aikin yini ɗaya ne, mon frère, ɗan'uwana," in ji shi. "Kai ne ka fi kusa."

Na yi. Amma a gida na ce ina unguwar Tampouy ina jan wuta a wani shago. Yaya zan gaya wa Baba, wanda ko inuwar kare ba ya so ta gifta ta gaban butarsa, cewa ɗansa ya wuni a durƙushe yana haƙa wa kare iyaka?

Juma'ar da ta biyo, ya kunna rediyo, sai tarrr, tarrr, tarrr, kamar keken ɗinki da ba ya tsayawa. Ya murɗa sama, ya murɗa ƙasa, ƙarar na nan. Ya kwance eriya ya goge, ya canja batir, ya zargi firjin mahaifiyata har aka kashe shi yini biyu.

Na ce, "Baba, ka buga kawai mana. Shi ai zai ji ka."

"In buga a makance? Ban yi haka ina yaro ba, sai yanzu?"

Ya rubuta wasiƙa zuwa Agadas, ya kai gidan waya da kansa. Kowace Juma'a kuma yana zama, abin ji a kunne, hannu a gefen makunni, bai taɓa shi ba.

A mako na biyu na gane. Na ɗauki ƙaramar rediyo na bi gindin katanga, ƙarar tana ƙaruwa daidai inda na binne wayar, bai fi taku biyar daga eriyarsa ba. Na sani, kuma na yi shiru. Na ce wa kaina gobe, sai na sami yadda zan yi ba tare da sunana ya fito ba. Tsoron maƙwabcin nake yi ya zo gida ya ce ai ɗanku ne ya sa. Kunya ce kawai, babu wani dalili da ya fi wannan, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Juma'a bakwai suka wuce. Ran da na ga Baba ya cire abin ji ya ajiye, na zagaya na sami maƙwabcin. Ko gardama bai yi ba.

"Ah bon? Ashe haka ne? Ai da ka faɗa tun tuni!" Ya miƙa hannu ya zare akwatin daga bango. Iyakar abin ke nan. Na gaya wa Baba na gano inda ƙarar take fitowa an kashe ta, ban faɗi wanda ya binne wayar ba.

Juma'a ta takwas layin ya yi tsit, tas. Baba ya saurara, sannan ya buga kiran Agadas. Ya jira. Ya sake bugawa. Har aka kira magariba yana bugawa yana jira.

Amsar wasiƙar ta iso bayan wata guda, da Faransanci, daga 'yar tsohon. Idon Baba ya yi rauni, ni na karanta masa. Ta ce mahaifinta ya rasu kwana uku kafin waccan Juma'a ta takwas, wasiƙarmu kuwa ta iso bayan an yi sadakar bakwai. Duk mako sai ya sa an ɗauke shi zuwa gaban rediyo, ya yi ta dannawa sa'a guda. A mako na biyar ya rubuta musu a allo cewa mutumin Wagadugu ba ya saɓa alƙawari, lallai ya rasu. Ya sa aka toya waina aka raba sadaka, aka yi wa Baba addu'ar mamaci. Daga ranar bai sake neman a kai shi wurin rediyo ba.

Baba ya lalubo kaina ya dafa.

"Kai ka gano ƙarar nan ka kashe ta. Da ba don kai ba, ko shirunsa ba zan ji ba. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Ya rayu shekara biyu bayan haka, kuma ban gaya masa ba.