Sikelin Iya Morenike

Ƙaurin na fara ji, kafin fankar ta tsaya. Ina tsugune a gidan wasan kwamfuta na Oga Obiora a Yaba, na kunna injin kwamfutar da na haɗa masa mai katin hoto biyu, masu fitar da hoton wasa a allo, sai wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, allon ya yi baƙi ƙirin. Tunda na gama jami'a nake yawo da takardu, wannan ne aikin farko da aka gwada ni da shi. In injin ya ɗauki gasar wasan da za a yi a gidan ranar Asabar, ni zan riƙa kula da kwamfutocin gidan duka.

Akwatin wutar ne ya ƙone, wanda ke raba wa kayan cikin injin wuta. Iya Morenike, yayar mahaifiyata, ita ce ta zaɓa min shi.

Iya Morenike da kifi ta fara, ita da uwarta, a bakin ruwan Epe. Ta auri mai gyaran rediyo a Ikeja, ya rasu ya bar mata rumfa a kasuwar kwamfuta ta Otigba. Sikelin kifin nan kaɗai ta taho da shi daga gida. Kowa a layin ya yarda akwatin wuta mai kyau nauyi gare shi, saboda jan ƙarfen da ke ciki. Wasu su jinjina da hannu, ita sai ta ɗora a sikeli, ta tura tabarau kan hanci. Da wannan rumfar ta biya min makaranta.

Ranar da na je saye, ta ce, "Kati biyu? Ashe tagwaye ka haifa, Injiniya. Tagwaye kuwa ci gare su, ƙaramar tukunya ba za ta riƙe su ba." Ta yi ta aunawa har ta samo wanda ya fi rinjayar allurar. "Ɗauki wannan, ɗana. Ya fi tarwaɗa nauyi."

Na dawo mata da akwatin a ƙone, tare da katunan biyu da su ma suka daina aiki. Ta kwance shi da kanta. A ciki, gefen 'yan wayoyi sirara kamar zare, an manne curin siminti.

Baba Sikiru na rumfar kusa ya leƙo. "Iya, yaushe kika koma sayar da bulo? A ba ni tifa ɗaya, gini nake."

"Rufe min baki, tsoho. Kai da cajarka ke mutuwa kafin mai saye ya kai bakin titi."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma na ga ta shafa sikelin, ta tura shi ƙarƙashin tebur. Daga nan ta bi sauran akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana kwancewa, har azahar ta wuce, masu saye na tsaye tana ce musu su dawo gobe.

Ta ba ni wani da ta duba cikinsa da idonta. Sai dai sabon akwati ba ya tayar da katin da wuta ta riga ta ci, Oga Obiora kuma ba shi da wasu. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe katunan biyu, ta rungume su a ƙirji har shagon mai gyara, tana ture mutane da gwiwar hannu.

"A hankali, 'ya'yan ɗana ne," ta ce masa.

A hanyar dawowa ta zaunar da ni gaban amala da miyar ewedu. Na kasa ci. Ta ja kwanon ta gutsura min loma kamar ina yaro.

Mai gyaran ya ce zai kira in ya gwada su. Yau Alhamis. Iya ta karɓe wayata ta ajiye a cinyarta, wai kallon da nake mata ya isa. Har yanzu bai kira ba.